Ku Tambayi Malama: Bajon firifet, ranar al'adu da kwatar bakin makaranta

Wasiƙun wannan watan kamar masu su sun haɗa baki, kusan duka a kan 'yan sakandare suke. Ban yi mamaki ba. Lokacin miƙa muƙamai ne, 'yan SS3 suna shirin sauka su fuskanci jarrabawa, 'yan SS2 kuma kowa ya goge takalminsa yana jiran a kira sunansa a asambuli. Shekara ashirin da shida na yi ina kallon wannan a makarantun gwamnati na Legas kafin in ajiye alli. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye kamar kullum, na kuma rage wa wasu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana SS2 a wata makarantar gwamnati nan Agege. Malamai sun sa sunanta cikin waɗanda za su tsaya takarar shugabar ɗalibai mata, wato hedigel, an ce ta kawo takardar amincewar iyaye. Babanta ya ce bai yarda ba. Ya ce za ta riƙa fita tun duku-duku ta dawo a makare, karatunta zai lalace ga WAEC na tafe, sannan mu baƙi ne a garin nan, ɗan baƙo ba ya shiga gaba, kada ta jawo wa kanta baƙin jini. Yarinyar ko abincin kirki ta daina ci. Ni ina tsakiya, na rasa wa zan ba gaskiya. Daga Maman 'yan biyu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko dai, kada ki kuskura ki je wa Alhaji da "ai Malama ma ta ce". Magidanci in ya riga ya yanke magana a gaban 'ya'yansa, ba ya son a kawo masa wata daga waje ta warware. Ki karanta, ki ɗauki abin da ya yi miki, ki faɗa masa da bakinki bayan ya ci tuwon dare.

Maganar sammako da ta karatu ban raina su ba, don na ga inda suka tabbata. Firifet, wato ɗalibin da aka ba muƙami a makaranta, dole ya riga kowa zuwa. In asambuli ƙarfe takwas saura kwata ne, ita bakwai ta yi mata a ƙofar makaranta. Na kuma ga yaran da bajo ya cinye musu karatu. Sai dai da na duba sosai, laifin namu ne mu malamai. Da zarar mun ga yarinya mai hankali da amana sai mu mayar da ita 'yar aike: je ki ofis ki ɗauko rajista, tattaro mini littattafan aji uku, tsaya wa 'yan JSS1 malaminsu bai zo ba. Ana darasin lissafi tana can tana ƙirga kujeru. Ni kaina na yi wa wata haka, sai da sakamakonta na zango na biyu ya fito na ji kunyar kaina.

To wannan yana da magani, kuma maganin a hannun Alhaji yake. Takardar nan da aka aiko, ba dole ba ne ya sa hannu kawai ya mayar. Ya zura babbar rigarsa ya je da kansa wurin shugabar makaranta, ya ce ya amince amma da sharaɗi biyu: ba za a fitar da ita daga aji ana darasi ba, kuma in an tashi, ƙarfe kaza ta kasance tana kan hanyar gida. Ban taɓa ganin shugaban makarantar da ya ƙi irin wannan ba. Yawancinsu murna ma suke su ga uba ya tako da ƙafarsa, musamman uba daga cikinmu, don mun yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa. Batun WAEC kuwa, muƙamin na shekara ɗaya ne, ana karɓarsa a ba na baya kafin a shiga jarrabawar wajen watan Mayu.

Ta ukun ce ta tsaya mini a rai, don da ita aka rene ni. "Mu baƙi ne." Kakana goro ne ya kawo shi Agege. Tun wajen 1912 da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano mutanenmu suke sauka a nan, su sayi goro, su ɗaure a huhu, su tura arewa a jirgi. A Zango aka haifi babana, a nan aka binne cibiyata, a nan na haifi nawa. Muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatanmu, iyayenmu suna kwance a ƙasar garin. To har yaushe jikan wanda ya zo cin kasuwa zai ci gaba da zama a bakin tabarma kamar wanda ya zo gaisuwa?

Na san abin da Alhaji yake tsoro. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya ga ranar da faɗan mutum biyu a kasuwa ya koma na ƙabila, ya kuma san dalilin da ya sa manyanmu suke cewa a yi ƙasa da kai a nemi abinci. Wannan shawara ta tserar da mutane da yawa. Amma an yi ta ne don wanda ya zo ci-rani zai koma, 'yarki kuwa ba inda za ta koma. A nan za ta nemi jami'a, wataƙila a nan za ta yi aiki, kuma da waɗannan 'yan ajin nasu za ta yi ta haɗuwa a asibiti da banki da sakatariyar ƙaramar hukuma har ta tsufa. Gara su san ta tun yanzu a matsayin wadda ta taɓa tsayawa a gabansu ta yi musu adalci.

Ki duba hijabin da take sawa a kan yunifom yau ba wanda ya isa ya fizge. 'Yan mata biyu 'yan makaranta ne, da iyayensu da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, suka tsaya a kansa. Babbar kotun Legas ta kayar da su a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2016, kotun ƙoli ta rufe maganar ranar 17 ga Yunin 2022. Ita MSS ɗin ma ɗalibai ne suka kafa ta a nan Legas a 1954, marigayi Lateef Adegbite ne shugabanta na farko. Alhaji zai ce ai su Yarabawa ne, garinsu ne. Haka ne. Amma da aka ci nasara ba a ware 'ya'yanmu ba, mun shiga inuwar da wasu suka sha rana suka dasa. Ya kamata a ce wata rana mu ma an shiga tamu.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona. Shekarar da aka fara ba wata Bahaushiya firifet mai kula da lafiya a makarantar da na fi daɗewa, abu biyu suka canza. Iyaye mata da ba sa zuwa taron iyaye, saboda da Turanci da Yarabanci ake yin sa, suka fara zuwa don akwai wadda za ta zauna kusa da su tana raɗa musu fassara. Sai kuma yaran da ake kawowa daga Sakkwato ko Katsina a tsakiyar zango, ba Turanci ba Yarabanci, waɗanda a da sai su yi mako biyu su ɓace. Suka sami wadda za su gaya wa cikinsu na ciwo, ko an ƙwace musu kujera. Za ki ce ai ina nan. Ina nan, amma kukan da yaro zai kai wa yayarsa ba ya kai wa malama mai jan biro.

Baƙin jinin zai zo, kada ki ɓoye mata. Ranar da ta rubuta sunan wata, sai an jefe ta da "aboki", sunan da ake kiran ɗan arewa da shi don raini. Ta sani tun yanzu, ta kuma shirya amsa cikin Yarabancin da ya fi na mai zagin tsafta, ba tare da ta ɗaga murya ba. 'Yar Agege ce, na tabbata ba za ta rasa ba.

In Alhaji mai son tarihi ne, ki tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, ta koma ƙauyensu ta riƙa jagorantar mata zuwa neman karatu. Bajon hedigel ai ƙanwar malfar jaji ce.

In kuwa duk da haka ya ƙi, to uba ne, ba za a raba su a kan bajo ba. Ki lallashe ta, ki nema mata izinin ƙungiyar muhawara ko ta MSS, waɗanda ba sa buƙatar sammako. Amma ta ci abinci, ki ce in ji ni.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. An ba ni firifet na masu makara. Matsalar ita ce 'yan layinmu su suka fi kowa makara, wasu sai sun je makarantar allo da asuba, wasu sai sun taya babansu buɗe shago. In na rubuta sunansu su ce na ci amana, in na ƙyale su sauran yara su ce ina ƙabilanci. Wanda na gada ya ce in riƙa riƙe bulala kawai, kowa zai shiga taitayinsa. Daga ɗanki, Idi-Araba.

AMSA: Ɗana, ajiye bulalar nan tun kafin ka ɗauka. Gwamnatin Legas ta hana malamai ma dukan ɗalibai a makarantunta, balle kai da ba ka fi su da komai ba sai bajo. Ranar da ka fasa wa ɗan wani ido, wanda ya ba ka shawarar ba za ka gan shi a ofis ba. Tsarin firifet gadon makarantun Ingila ne, ya shigo mana ta makarantun mishan da na gwamnatin Turawa irin su King's College da aka buɗe a 1909, kuma bulalar siniya tana cikin kayan da ya zo da su. Waɗanda suka kawo ta sun daɗe da yar da ita, mu ne muka riƙe kamar wasiyya.

Ka rubuta kowa. Abokinka na layi, ɗan limaminku, ƙanenka ciki ɗaya. Ranar farko ce mai wuya. In ka rubuta amininka sau ɗaya a gaban jama'a, ka huta har ƙarshen shekara, don kowa ya san ba a roƙonka. In kuwa ka kau da kai sau ɗaya, littafin ya tashi daga aiki, kuma ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi "haka Hausawa suke".

Sai dai ka ja layi ɗaya a gefen littafin ka riƙa rubuta dalili. Ka yi mako biyu kana tambayar duk wanda ya makara, Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, me ya tsayar da shi. Za ka ga makarar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai barci, shi wannan sai shara. Akwai mai ɗiban ruwa. Akwai waɗanda tun da aka hana acaba a yankinku na Mushin a Satumbar 2022 sai sun yi layin keke ko danfo, ko su taka da ƙafa. Ka kai wa mataimakin shugaban makaranta wannan lissafi. Firifet da yawa sun kai masa sunaye, da wuya in akwai wanda ya taɓa kai masa dalilai.

'Yan allo kuwa, ka roƙi babanka ya raka ka wurin Alaramma bayan la'asar. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaya masa aikin da aka ɗora maka, ka roƙi alfarmar ya riƙa sallamar 'yan boko da kwata ɗaya kafin sauran. Ban san alaramman da zai kori yaron da ya zo da irin wannan ladabi ba. Su kuma abokanka, tunda kai ne mai sammako, ka riƙa buga musu ƙofa in za ka wuce. Wanda ka tasa da safe ya koma ya kwanta, ba shi da bakin cewa ka ci amanarsa.

TAMBAYA: Malama, duk shekara a ranar al'adu Yarabawa suna fitowa da gangunansu, Ibo suna rawarsu ta tsalle-tsalle, mu kuwa sai a ɗaura wa wani tsumma a ka a ce rawani ne, a ba shi sanda da rediyo, ya riƙa gurɓata Turanci ana dariya. Bana ni aka ba shugabancin rukunin Hausa. Mu tara ne, ba mu da kuɗi, kuma biyu daga cikinmu iyayensu ba sa son kiɗa. Me za mu yi da ba za a yi mana dariya ba? Daga 'yarki, Mile 12.

AMSA: 'Yata, wasiƙar nan taki ta tono mini laifi. Na zauna a sahun malamai na kalli wasan mai rediyon nan ba sau ɗaya ba, har da murmushina, don kada a ce Malama ba ta san raha ba. Sai wata shekara na waiwaya na ga wani ɗan JSS2, wanda na san babansa maigadi ne, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa har aka gama tafi. Gadi sana'a ce, da ita aka saya wa yaron nan yunifom. Mu muka mayar da ita abin dariya a gabansa. Washegari na shiga ofis na ce daga bana ni zan riƙe rukunin Hausa.

Kada ki je ki ce a hana wasan. Malamin da ke shirya taron yawanci ba mugunta ba ce, iyakar abin da ya sani ke nan. Ki riga kowa kai masa tsarinku a rubuce, da mintunan da kowane abu zai ci. In gurbin ya cika, mai rediyo ya rasa wurin tsayawa.

Ku tara kun isa ku yi kamun amarya. Amarya a lulluɓe, ƙawaye uku sun tare ta, dangin ango sun zo, a yi ta ciniki ana ja-in-ja kafin a yarda a buɗe fuska a fesa turare. Ki sa ɗaya ta tsaya gefe tana bayani a taƙaice. Yarabawa za su gane tun kafin a fassara, don su ma a bikinsu akwai alaga, matan nan masu tatsar dangin ango cikin raha. Ku buɗe da gaɗa, ba ta buƙatar komai sai tafi da da'ira. Waƙoƙin kada ki nema a waya, ki zauna da kakarki ko wata tsohuwa a gidanku, za ki sha mamakin abin da ke kanta.

In kuna son abin da za a yi shekara ana zancensa, ku nemo kalangu. Kiɗan mahauta ne, don haka ki sa baban ɗaya daga cikinku ya yi wa Sarkin Fawa magana, ba za a rasa makaɗi ba. Kalangu da gangan ɗin Yarabawa 'yan gida ɗaya ne: duka a hammata ake saƙala su, a matse tsirkiya murya ta hau, a saki ta sauka. Kuma Hausa da Yarabanci duka harsuna ne masu karin sauti, shi ya sa gangar take iya magana a cikinsu. Ki haɗa baki da shugaban rukunin Yarabawa, makaɗinku ya kira, nasu ya amsa. Shekarar da muka yi haka, shugabar makarantarmu, mace mai ɗaure fuska, sai ga ta ta taso tana liƙi.

Kaya duk na aro ne. Saƙi, ƙwarya, faifai, tabarma, kwalla, suna nan a ɗakunan iyayenku. Ƙunshin lalle kuwa ku nemi izini tukuna, don ba ya fita kafin Litinin. Maza su sa babbar riga, rawani kuma a samo wanda ya iya ya naɗa musu, kada kuma a yi wa kowa mai kunne biyu, wannan na 'ya'yan sarki ne. Abinci ku tsaya a masa da zoɓo, kowa ya kawo abin da ya samu daga gida, ku sayar ku mayar da kuɗin makaɗi. Kunun aya in ba ku da ƙanƙara ku haƙura, zafin Legas zai tsamar da shi kafin azahar. Dambe da shaɗi kuwa ko da wasa kada ku fara. Yara maza ba su san wasa ba in 'yan mata na kallo.

Biyun da iyayensu ba sa son kiɗa, kada ki matsa musu, kada kuma ki bar su a benci. Ga aikinsu: ɗaya ya tsaya da wani Bayarabe su yi musayar kalmomi. Ya ce albasa, wancan ya ce alubosa. Lafiya, alafiya. Albarka, alubarika. Waɗannan mu ma daga Larabci muka samo su. Sannan a juya, a nuna waɗanda muka ara daga wurinsu: ashana, agogo, akawu, keke. Ban taɓa ganin an yi wannan iyaye ba su yi shewa ba. Ɗayan kuma ya jefa kacici-kacici biyu ko uku ya ba wanda ya ci ƙullin kilishi.

Wani abu da ban so ki manta: ki tambayi taran nan ɗaya bayan ɗaya. Na tabbata akwai Bafulatana ko Babarbare ko Banufe ko Bazabarme a ciki, waɗanda Legas ta tattara ta kira Hausawa. Abin da ba ki so a yi miki kada ki yi musu. Kowa a ba shi minti ɗaya ya gaida jama'a da harshen gidansu.

Bayan an watse kada rukunin ya watse. Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun Legas, ni ba ni da ja a kan wannan, garinsu ne harshensu ne, kuma 'ya'yanmu riba suke ci. Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna jin Hausa amma ba sa iya rubuta ta, ba su san bambancin ƙasa da kasa a takarda ba. Ana rubuta Hausa a WAEC, amma a duk makarantun da na koyar ba mu taɓa samun malaminta ba. Ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako kuna karatu da rubutu. Ranar Hausa ta 26 ga Agusta tana faɗowa cikin dogon hutu, don haka ku sa ido a kan 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa ta duniya, lokacin ana makaranta.

TAMBAYA: Hajiya Malama, ni ba ɗalibi ba ne, mai shayi ne a bakin wata makaranta. Ran nan ɗalibai suka fito da malaminsu wai aikin taimakon al'umma, suka yashe kwatar da ke gabana, suka tara baƙin dattin dab da teburina, suka ɗauki hoto suka tafi. Kwana uku ba wanda ya zauna shan shayi saboda wari. Ran na huɗu aka yi ruwa ya mayar da komai ciki. Wannan taimako ne ko cuta? Daga mai shayi, Ketu.

AMSA: Malam, ka yi haƙuri, na yi dariya kafin in ji tausayinka. Gaskiyarka ce. Aikin kwata in za a yi rabi gara ba a fara ba.

Laifin ba na yaran ba ne. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata da muka taso da ita, wadda ake hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma, an soke ta a 2016, lokacin waɗannan suna firamare. Ba su taɓa tsayawa kusa da babba sun ga yadda ake yi ba. Malamin ne ya kamata ya sani. Hoton ma na san dalilinsa, rahoto za a rubuta a tura sama, kuma rahoto ba ya wari.

Kai da ka taso a ƙauye ka san gayya. Mai gona ne ke gayyata, shi ya san inda ciyawa ta fi ƙarfi, kuma ba a saɓa fartanya sai an kai kunyar ƙarshe. Su kuwa sun zo gonarka ba su tambaye ka ba. Da sun yi maka sallama da kai da mai faci da mai sayar da kati, da kun nuna musu inda ainihin toshewar take, don ku kuke ganin inda ruwa ke tsayawa.

Ka je wurin shugaban makarantar, ba da faɗa ba. Ka yi godiya tukuna, sannan ka ce in za su sake, ga yadda zai yi amfani. A fara shirya motar shara, ta hukumar shara LAWMA ko ta 'yan kwangilar da ke kwashe na unguwa, a san ranar zuwanta kafin a taɓa shebur. Dattin a zuba a buhuna ruwan ya tsane, ba a jibge a ƙasa ba. A yi shi a watan Maris kafin damina ta kankama. Kowane yaro da safar hannu da takalmin roba, a yi aiki da manjagara da baro, kada a bar ɗan kowa ya shiga cikin kwata da ƙafa, a kuma ajiye ruwa da sabulu. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a garin nan a Yunin 2024 ba.

Da ni ce malamarsu ma da ban fara da yashewa ba. Abin da ke toshe kwatar Legas an san shi: ledar fiya wata, robar lemo, da farar robar zuba abinci wadda gwamnati ta haramta tun Janairun 2024. Yara huɗu da buhu biyu, kowace Alhamis da safe lokacin da 'yan kasuwa suke tasu tsaftar, su tsince daga ƙofar makaranta zuwa kwanar layi, aji-aji ana karɓa-karɓa har zango ya ƙare. Ba zai yi kyau a hoto ba, amma kwatar ba za ta cika ba.

Sai dai Malam, tsakaninka da Allah, ledar burodi da gwangwanin madara da ɓawon ƙwan da suka tono, daga wane teburi suka faɗa? Ka samo tsohon bokitin fenti ka ajiye a gefen benci. In kuma yaran sun dawo sun kai aikin ƙarshe, ka haɗa musu shayi mai kauri, kada ka sallame su da ruwan bunu.